Yadda za ka zaɓi inda za ka koyi kareti, tekwando ko judo a jihar Kebbi, ka kuma gane ko horonsu na gaske ne

A garuruwanmu, abin da ake kira makarantar kareti galibi ba gini ba ne mai allo a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ne da ya koyo abinsa a jami'a, ko a bariki, ko can Legas ko Yamai, ya dawo gida ya tara matasa a filin firamare bayan La'asar ko a gefen filin ƙwallo da sassafe. Saboda haka zaɓen makaranta a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri ko Zuru, zaɓen mutum ne. Shi kuwa mutumin, launin bel ɗinsa, wato ɗamarar da ke nuna matsayinsa, da hotunan da ya liƙa a Facebook ba za su gaya maka komai a kansa ba. A jikin ɗalibansa ake karanta shi: yadda suke tsayuwa, yadda suke faɗuwa, da yadda manya a cikinsu ke riƙe ƙanana. Duk matakan da ke tafe hanya ce ta kai ka inda za ka ga wannan da idonka.

Mataki na farko: me kake nema?

Kafin ka taka ko'ina, ka zauna ka amsa wa kanka wannan. Wani kare kai yake so. Wani gasa yake hange, ya wakilci jiha ya ciyo lamba. Wani teɓa ce ta dame shi, wani yana shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, wani kuma uba ne da ke son yaronsa ya rage zaman waya ya koyi natsuwa. Kulob ɗin da ya dace da ɗaya zai iya zama ɓata lokaci ga ɗaya.

Wasannin ma kowanne da inda ya sa gaba. Tekwando daga Koriya ya fito, ƙarfinsa a ƙafa yake. A gasar da ake yi a Olamfik, wadda ya shiga a hukumance a shekarar 2000, ana turmi uku na minti biyu-biyu, shuri a kai ya fi na ƙirji maki, naushi a fuska kuwa haramun ne. Yana da hanyar gasa a buɗe, kuma misali na kusa da mu: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008, sannan Abdoul Razak Issoufou Alfaga na maƙwabciyarmu Nijar ya ci azurfa a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Amma ka sani, tun da ba a naushin fuska a wasan, da yawa daga cikin 'yan tekwando sukan saba da sauke hannu. Idan kare kai ne burinka, ka lura ko kocin yana toshe wannan gurbi.

Kareti daga tsibirin Okinawa na Japan ya taso, ya haɗa hannu da ƙafa, kuma horonsa kashi uku ne: tushen motsi da suke kira kihon, jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai da ake kira kata, da karawa da abokin atisaye wato kumite. Judo kuwa wani Bajapane mai suna Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882. Babu naushi, babu shuri, sai riƙo da kayarwa da dannewa a ƙasa. Wanda ya tashi yana kokawa a dandali zai ji shi kamar a gida. Damben zamani shi ya fi saurin koya wa mutum tsare fuska da auna tazara, kuma shi ya fi yawan dukan kai.

Ra'ayina a nan a fili yake: gwanin malami a wasan da ba shi ka fi so ba ya fi malamin banza a wasan da kake mafarki. In a garinku kocin kirki ɗaya ne kuma judo yake koyarwa, ka yi judo.

Mataki na biyu: tara sunaye

Wannan ba ya cin lokaci. Ka leƙa filin wasa na Haliru Abdu idan a Birnin Kebbi kake, ka tambayi masu motsa jiki da ma'aikatan wurin. Ka je ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ka nemi sanin waɗanda suka sani a matsayin masu horarwa. Ka tambayi sashen wasanni na manyan makarantu, irin su kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero, domin a irin waɗannan wurare ne ake yawan samun ɗalibai da ma'aikatan da suka taɓa yin wasan. Malamin motsa jiki na sakandaren unguwarku ma ya san su waye ke fili. Sunan da ka ji daga bakin mutum uku da ba su san juna ba, ka fara da shi.

Nisa ma abin lissafi ne. Wanda ke Badariya ya zaɓi kulob a can wani ƙarshen gari, kuɗin kabu-kabu sau uku a mako zai gajiyar da shi kafin atisayen ya gajiyar da shi. Kuma duk wurin da zai sa yaro ya riƙa dawowa gida bayan Isha'i shi kaɗai, a cire shi daga lissafi.

Mataki na uku: je ka zauna ka kalla

Nan ne aikin yake. Gani ya kori ji. Ka je ranar atisaye ta yau da kullum, ba ranar biki ko ranar raba bel ba. Ka yi sallama, ka ce wa kocin kana so ka zauna gefe ka ga yadda suke yi, daga farko har tashi. Malamin da ya yarda da aikinsa zai nuna maka benci. Wanda ya ce sai ka biya kuɗin fom kafin ka kalla, ko ya ce dabarunsa sirri ne, ya rage maka wahala, ka yi gaba.

Fara da ƙasa. A kan me suke atisaye? Kareti da tekwando suna yiwuwa a kan daɓe mai santsi daidai, ko yashi da aka tsince, muddin babu tsakuwa da kwalba da ƙaya. Judo dai ba a yin sa a kan siminti, ko wane ne malamin. In babu katifar wasa, to a samu yashi mai zurfi da laushi, kuma a taƙaita irin kayarwar da ake yi. Inda akwai katifa ka duba ko ana goge ta, domin makero da sauran cututtukan fata a nan suke yawo daga wuyan wannan zuwa na wancan.

Sai ka ga yadda ake buɗe darasi. Horo mai kyau yana farawa da ɗumama jiki na kamar minti goma zuwa sha biyar, ɗan gudu, juya gaɓoɓi, motsin da ya yi kama da abin da za a yi daga baya. Abin da za ka gani a wasu wurare shi ne an kama yaro da jikinsa a sanyaye, mutum biyu sun ja ƙafafunsa, na uku ya danna kafaɗarsa ƙasa wai sai ya tsage, yana kuka ana cewa ya daure. Haka ake yaga nama da jijiyar cinya. Sassaucin jiki a hankali yake zuwa, cikin watanni, kuma bayan jiki ya yi zafi ake nemansa.

Daga nan ka tambayi kanka: me aka koyar yau? Darasi mai tsari yana da abu ɗaya ko biyu da aka sa gaba. A ce shurin gefe ne. Koci zai nuna shi a hankali, ya rarraba shi, ɗaga gwiwa, juya ƙafar da ke ƙasa, miƙewa, janyewa. Ɗalibai su yi a iska, su yi a kan abin duka da wani ya riƙe, su yi da abokin da ke motsi, a ƙarshe su gwada shi a cikin karawa. In ka tashi daga wurin kana iya faɗin abin da aka koya, kai da ba ɗan wasa ba, darasin ya yi. In kuwa awa biyu aka yi ana tsallen kwaɗo da zagaye fili da ihu, kowa ya jiƙe da zufa amma babu dabarar da ta ƙaru, gajiya aka sayar musu. Gajiyar da mutum ba ta buƙatar ilimi, kowa zai iya sa ka gudu har ka yi amai.

Ka bi kocin da ido. Yana zagayawa yana taɓa gwiwar wannan, yana gyara ƙugun wancan, yana kiran yara da sunayensu? Ko yana tsaye a gaba yana ƙirga ɗaya biyu, ko ma yana zaune yana danna waya ya bar wani yaro ɗan shekara sha biyar da aji? Ka kuma saurari irin gyaran da yake yi. “Yi da ƙarfi” ba gyara ba ne. “Juya diddigenka, ka bar kafaɗa ta huta” shi ne gyara.

Yanzu ga abin da na fi ba muhimmanci. Ka ɗauke idonka daga gwanin ajin, wannan mai tashi sama yana juyi da kowa ke kallo. Kowane kulob na da irinsa, kuma sau da yawa baiwa ce Allah ya ba shi, ko a ina ya faɗa zai yi fice. Nemo mafi rauni: yaro mai ƙiba da ke can layin baya, ko sabon shiga da hagu da dama ke rikita shi. Me ake yi da shi? In koci ya tsaya a kansa, ya sauƙaƙa masa motsin, ya haɗa shi da babban ɗalibi mai haƙuri, to ka samu malami. In dariya ake yi masa, ko an mai da shi buhun naushin manya, ka san abin da ke jiranka, domin ranar da ka shiga, kai ne shi.

Bayan shi ka dubi waɗanda suka shekara biyu ko uku. Su ne hoton abin da za ka zama. Akwai su ma kuwa? Kulob ɗin da ya daɗe amma kowa a cikinsa sabo ne, akwai abin da ke korar mutane. In suna nan, ka duba ko motsinsu ya bambanta da na sababbi a fili, ko hannunsu na komawa tsaron fuska bayan kowane duka, ko suna iya tsayar da shuri dab da jikin abokinsu. Ka ƙirga masu ɗaure da gwiwa da masu ɗingishi. Rauni yana faruwa a kowane wasa, amma idan rabin manyan ɗalibai na fama da gwiwa ko kafaɗa, daga hanyar koyarwa ne.

A judo akwai alama ɗaya da ba ta ƙarya: sabon shiga faɗuwa ake fara koya masa, abin da suke kira ukemi, yadda zai sauke haɓa a ƙirji, ya bugi ƙasa da hannu, kada ƙeya ta taɓa. Inda aka fara maka mutum da ƙasa a makon farko tun bai iya faɗuwa ba, babu sauran abin tattaunawa.

Ka koma karo na biyu a wata rana dabam. Ranar farko mai yiwuwa an yi maka kwalliya.

Mataki na huɗu: karawa, da masu sayar da mafarki

Wasan faɗa da ba a taɓa gwada shi da mutumin da ke ƙoƙarin hana ka ba, rawa ce. Kata na kareti da takwaransa poomsae na tekwando suna da amfaninsu wajen daidaito da natsuwa, amma ba su koya maka abin da za ka yi idan naushi ya taho daga inda ba ka zata ba. Don haka ka tabbatar ana karawa. Sai dai yadda ake yin ta shi ne ma'auni. Ana haɗa mutane bisa nauyi da shekaru da ƙwarewa. Ana sa kayan kariya: robar haƙori, hular kai, sulken ƙirji, abin tsare ƙwauri da na gaba. Koci na tsaye kusa, kuma da ya ce a tsaya ana tsayawa. Yawancin ranaku da rabin ƙarfi ake yi, don a samu damar gwada sabon abu ba tare da tsoro ba. Inda kayan ba su wadata ba, kuma wannan shi ne halin yawancin kulob-kulob ɗinmu, malami mai hankali yakan hana dukan kai gaba ɗaya. Talauci uzuri ne na rashin kaya, amma ba uzuri ba ne na fasa wa yaro baki.

Akwai al'adar “tarbar baƙo” da wasu ke yi, a jera wa sabon shiga manya su lallasa shi wai a ga ko yana da zuciya. Haka nan dukan ɗalibi da bel ko dorina in ya yi kuskure, ko a sa shi naushin bango don hannu ya yi ƙanta. Ko ɗaya daga ciki ba ya ƙara wa mutum iyawa.

Ka kuma saurari alkawuran da ake yi. Wanda ya ce cikin wata uku za ka iya da mutum goma, ko zai koya maka ƙwace wuƙa da bindiga cikin sauƙi, ko akwai wata jijiya da in ka taɓa mutum zai sume, fina-finai yake sayarwa. Malamin gaskiya zai gaya maka cewa in aka zaro wuƙa, ƙafarka ita ce dabara ta farko, waya kuma ba ta kai rai ba. A ƙasarmu akwai ƙari a kan wannan: masu haɗa horo da laya da maganin ƙarfe, da masu miƙa wa yara ƙwaya kafin atisaye wai don kada su ji zafi. In ka ji ƙishin-ƙishin tiramadol a kulob, ko ka ji cewa kocin yakan kwashi yaransa su raka ɗan siyasa yawon kamfen, ka janye ɗanka tun kafin ya yi abokai a ciki.

Mataki na biyar: zauna da kocin

Bayan an tashi, ka nemi minti goma. Ba tuhuma ka zo yi ba, don haka ka shigo da girmamawa: “Malam, sannu da ƙoƙari. Don Allah a wurin wa ka koya, kuma shekara nawa ka yi a hannunsa?” Mai gaskiya zai ambaci suna da gari da shekaru ba tare da inda-inda ba, sau da yawa ma da jin daɗi, kuma za ka iya bincikawa. Ka tambaye shi wa ya ba shi baƙin bel, da ko har yanzu yana zuwa kwas ko taron ƙara wa juna sani. Ka tambaye shi ko kulob ɗin na da alaƙa da ƙungiyar wasan ta jiha da hukumar wasan ta ƙasa, domin tekwando da kareti da judo kowanne na da tasa a Najeriya, kuma ta hannunsu ake shiga gasa.

A tekwando irin na Olamfik abin ya zo da sauƙi. Cibiyar Kukkiwon da ke birnin Seoul, wadda aka buɗe a 1972, ita ke ba da takardar matakan baƙin bel da ake kira dan, kowace da lambarta, kuma ana iya duba sahihancinta ta intanet. Ƙa'idarsu ita ce a jira shekara ɗaya daga mataki na farko zuwa na biyu, shekara biyu zuwa na uku, uku zuwa na huɗu, haka har zuwa na bakwai. Lissafa ka gani: daga na farko zuwa na bakwai shekara 21 ce. Saurayi ɗan shekara 25 da ya ce maka yana mataki na bakwai, ko dai shi ya ba kansa, ko ya saya. Yaro da bai kai 15 ba ma ba a ba shi dan, sai wani matsayi na yara da ake kira poom, mai bel rabi ja rabi baƙi. Takardar Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, inda ake horar da masu horarwa, ita ma ƙari ce mai kyau.

Amma kada takarda ta rufe maka ido. Akwai zakarun da ba su iya koyarwa ba, abin a jikinsu yake, bakinsu ba ya iya fitar da shi. Akwai kuma mai mataki na farko kacal da ke fitar da yara masu tsabtar wasa. Takarda tana kore maƙaryaci ne kawai, sauran hukuncin yana ga abin da ka gani a fili.

In gasa kake so, tambayar ita ce ina ɗalibansa suka je, ba ina shi ya je ba. Akwai bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas a 1973, akwai gasar matasa ta ƙasa, akwai wasannin jami'o'i da na kwalejojin fasaha. Wa ya taɓa kaiwa, a wace shekara, wa ya biya kuɗin mota? Ko ba su ciyo komai ba, kulob ɗin da ke fita yana haɗuwa da wasu ya san matsayinsa. Wanda bai taɓa fita daga unguwa ba zai iya shekara goma yana maimaita kuskure ɗaya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi tona asiri: “In yaro ya sha duka a kai ya faɗi, me kuke yi?” Amsar da kake so ita ce an cire shi daga atisaye a ranar, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a sanar da gida, in kuma akwai amai, jiri, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa ko yawan barci, a wuce asibiti. A dokar damben zamani na masu son wasa, wanda aka sumar yakan huta aƙalla kwana 30. In amsarsa ita ce a zuba masa ruwa ya koma, ka gode masa ka tafi.

Mataki na shida: yara da mata

Uba ko uwa su iya zuwa kallo duk ranar da suka ga dama, ba tare da sanarwa ba. Kada a yarda da darasin koci da yaro su biyu a ɗaki, ko kiran yaro gida da dare, ko tafiya gasa a kwana ba tare da wani babba da iyaye suka aminta da shi ba. Wannan ba zargin kowa ba ne, kuma malamin kirki shi zai fara kafa wannan doka don kare kansa. Ƙananan yara kuma ba manya ba ne da aka rage wa tsawo: horonsu ya zama gajere, da wasa a ciki, babu shaƙewa, babu murɗe gaɓa, babu dukan kai.

Ga 'yan mata, a nemi inda akwai mace mai horarwa ko aƙalla babbar ɗaliba, da lokaci ko ɓangare nasu, da wurin canza kaya mai sutura. Lulluɓi ba ya hana wasan. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a tekwando a Olamfik har sau biyu, 'yar ƙasarsu Feryal Abdelaziz ta ci zinare a kareti a Tokiyo, dukansu da kansu a rufe.

Batun sunkuyawar gaisuwa kafin karawa yana damun iyaye da yawa, kuma damuwa ce da ta cancanci amsa. Ka tambaya tun farko. Koci da ya san inda yake zaune ba zai tilasta wa ɗalibi abin da ya saɓa wa fahimtarsa ta addini ba, akwai musafaha, akwai ɗan kaɗa kai. Haka lokacin salla da na Islamiyya: atisayen da ke cinye Magariba kullum ba zai daɗe da samun albarkar gida ba.

Mataki na bakwai: kuɗi da bel

Ka sa a lissafa maka komai tun kafin ka ba da ko naira: fom, kuɗin wata, kayan wasa, kayan kariya, kuɗin jarrabawar bel, gudummawar tafiya gasa. Ka biya wata-wata, kada ka biya na shekara a dunƙule. Kada ka sayi farin kaya sai ka yi wata guda da wandon motsa jiki ka tabbatar za ka zauna.

Inda ake yawan cin mutane shi ne bel. In kowane wata ana jarrabawa, kowa na biya, kuma ba a taɓa kayar da kowa ba, kasuwa ce. A yawancin makarantun kareti da tekwando na kirki, baƙin bel na farko yakan ci shekara uku zuwa biyar na zuwa a kai a kai, kuma jarrabawarsa gaban wasu manya daga waje ake yin ta. A ɗaya gefen akwai masu riƙe ɗalibi a bel ɗaya shekara da shekaru don bai yi musu fadanci ba. Ka tambayi me ake buƙata a kowane mataki. In akwai amsa tsayayya da kowa ya sani, da tsari.

In gidan dambe ko kokawa zuciyarka ta fi karkata

Ba abin mamaki ba ne a jihar da ake kokawa da dambe a bikin kamun kifi na Argungu, ake kuma kokawa a ƙasar Zuru tun kaka da kakanni. Kokawa tushe ce mai kyau ƙwarai, tana ba da ƙugu da daidaito da jin nauyin abokin karawa. Damben gargajiya kuwa, mai hannu ɗaya naɗe da zare da turmi uku da ake neman kisa, wato kai abokin karawa ƙasa, sana'ar manya ce da ake sha da fuska tsirara. Ma'aunin bai canza ba: wane ne ubangidan, ana koyarwa kafin a tura mutum fage, me ake yi wa wanda aka sumar, kuma me ake sha kafin a shiga.

Mataki na takwas: watan gwaji

Kafin ranar farko, mai sikila, asma, farfaɗiya, hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita, a asibitin Sir Yahaya ko babban asibitin garinsu, sannan ya gaya wa kocin gaskiya. Ka zo da ruwanka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan haura digiri 40, don haka atisaye sai da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, kuma kocin da ke hana shan ruwa wai don a koyi juriya yana wasa da rayuka. Da hunturu ƙura kan tayar wa masu asma, su riƙe maganinsu a kusa. Da azumi kuma ka ga ko an sassauta horon ko an mai da shi bayan sallar asham.

Ciwon jiki na kwana biyu ko uku bayan atisayen farko ba komai ba ne, kowa ya sha shi. Zafi mai tsini a cikin gaɓa, ko gwiwa da ta kumbura, wannan dabam ne, ka faɗa, ka kuma lura da yadda aka karɓi maganar.

A makon farko ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya kana yin abin da aka koya maka, bayan wata uku a sake ɗauka, ka kwatanta su. Ya kamata ka ga tsayuwarka ta daidaita, numfashinka ya ƙaru, ka daina rufe ido in hannu ya taho. In yaro ne, ka duba ko da kansa yake shirya jakarsa, ko kuwa ciwon ciki ke kama shi duk ranar atisaye, ka kuma tambayi makaranta ko ya fara gwada shuri a kan 'yan ajinsu. In abin bai yi ba, ka biya abin da ake bin ka, ka je da kanka ka yi wa kocin sallama, sannan ka koma kan suna na biyu a jerin da ka tara.